Ƙuri'a a Cikin Hula

Asabar, bayan la'asar, gindin bedi a Bagalam.
Mu sha ɗaya ne, allon darar Turawa biyar.
Sojan baƙi guda ya ɓata,
marfin kwalba ke riƙe masa gurbi.

Na zuba sunaye a hulata, na girgiza.
Hula ba ta san girma ba:
ta haɗa Mushe Barmo,
mai shekara talatin yana rutsa sarakuna,
da Habsu, ɗiyar mai gyaran montur,
wadda jiya-jiya ta koyi tsallen doki.

Aka hau gunaguni, wai a sake.
Tsahiru ya ce, "Kura da ɗan akuya ke nan."

Mushe bai tanka ba.
Ya ɗauke sarauniyarsa, ya jefa aljihu wajen goro:
"Yau ta tafi biki Tibiri."

Sai da shayi ya kai na uku.
Habsu ta faɗi,
amma dawakinsa biyu na cikin tafinta, ta ƙi saki,
shi kuwa yana share zufa da bakin riga.

Ni ne na sha ɗaya, ban samu abokin karawa ba.
Na rubuta: Barmo, ɗaya.
Gaban sunan Habsu na daɗe riƙe da biro,
sifiri ya ƙi zagayuwa.