Mai Ƙararrawa

Ƙarfe uku na dare a Morioka.
Waken awara na jiƙe a baho,
dusar ƙanƙara ta tokare ƙofar shago,
ni kuwa ina kan kujerar bayan kanta
da ɗan akwatin wasan da jikana Ritsuki ya manta,
ko ya yi kamar ya manta.

Mutum biyar aka ce in haɗa, in raɗa musu suna.
Mai takobi na kira shi Gonda, don mai kifin layinmu,
ɓarawo ya ci sunan mai karɓar kuɗin haya,
maharbi da matsafi ban wahala a kansu ba.
Da na zo kan mai magani
yatsana ya riga ni:
Sumie.

Ramin farko ɓeraye ne da ƙasusuwa masu yawo,
ka sara, su rama, jini na raguwa kaɗan-kaɗan,
irin faɗan da ke barin tsoho ya gyara tabarau.
Sai muka gangara na biyu.

Wani ɗan abu, bai kai butar shayi ba,
ido guda, ƙararrawa a wuya,
yana raɓe da ƙafar wani ƙaton dodo.
Na ce Gonda ya fara da ƙaton.
Kililin.
Jininta cike yake, ko ƙwarzane babu,
sai ga sunanta ya koma ja.

Na kife akwatin.
Na je na duba wake,
alhali wake bai nemi a duba shi ba.

Da rana Ritsuki ya kira daga Sendai,
yana tauna wani abu a kunnena.
"Kaka, ai ɗan hakin da ka raina ne.
Shi za ka fara kashewa, ƙyale ƙaton.
Matsafinka na da tsafin barci, jefa shi tun kafin a motsa.
In sun kai biyu, ka gudu."
Na ce ban taɓa rufe shago don tsoro ba.
Ya ce, "Ja da baya ga rago, Kaka.
Kuma ka riƙa ajiye wasan a bakin matakala.
Akwai laya a kasuwar garin, ɗari takwas,
tana tare ƙararrawa sau ɗaya, sannan ta tsinke."

Dare huɗu na yi ina kisan ɓeraye
don kuɗin laya guda.
Gonda na son sabon sulke, bai samu ba.
Na zana taswira a bayan takardar odar waken suya,
duk lungun da na ji kililin
na diga masa jan biro.

Amma kafin wannan duka
sai da na ɗauko ta zuwa ɗakin ibadar garin.
Mai farin rawani ya dubi gawar, ya ce ɗari uku.
Ɗari uku kacal.
Na biya, sunan ya koma fari,
ta tsaya a layin baya kamar ba a yi komai ba.

Waccan shekarar, a nan gaban kantar,
tana naɗe wa wata yarinya awara biyu,
ta ce, "Tokuji, rage wutar nan,"
ban ma juyo ba.
Likita ya ce wata jijiya ce a ka.
Ba a ce mini ko nawa ba.

Jiya mun sake haɗuwa da mai ido guda.
Barci ya kama shi, maharbi ya gama.
Layar na nan a wuyanta, ba ta tsinke ba.
Ga matakalar rami na uku, duhu a ƙasa.
Na ajiye wasan sau biyu, don kokwanto,
na tashi na kunna wuta.
Ƙarfe shida matar Gonda za ta zo karɓar nata.