Fatalwar Tela, Kashi na Biyar

A kashi na ɗaya suka binne shi da kekensa.
A na biyu ya fito, suka ƙone shi da kananzir.
A na uku suka watsa tokar a tsohon ramin kuza.
Na huɗu ban ma tuna da me suka kashe shi ba.
Yau ga allo a ƙofar gidan kallon Sale Dogo, Dilimi,
an rubuta da alli: YA SAKE DAWOWA.
Ɗari biyu bencin baya,
ɗari uku kusa da mai shayi, inda ɗumi yake.

Na biya. Kullum sai na biya.

Hodar fuskarsa garin rogo ne, kowa ya sani,
yana zuba a kafaɗa in ya yi tari.
Jinin kuwa zoɓo, har da kanumfari a ciki.
Likkafani ya ɗage, ga silifas na wanka,
ga agogo a hannun gawa, bai ko yi latti ba.
Wanda aka sare wa kai da almakashi bara
shi ne ɗan sanda bana, har ya yi tumbi.

To me ya hana shi kwanciyar kabari?
Cikon kuɗin ɗinki.
Gida-gida yake bi da tef a wuya,
yana auna masu taurin bashi tun da ransu:
"Tsaya daidai, Alhaji, kada ka numfasa."

Ladidi mai awara ta kurma ihu, ta rufe fuska,
ta bar taga tsakanin yatsu,
can dariya ta tuntsurar da ita daga benci.
Wani daga baya: "Kai, kar ka shiga ɗakin nan!"
Ya shiga.
Tun kashi na ɗaya yake shiga.

Yayana na Abuja ya ce shirme ne,
mutum da gemunsa, da 'ya'yansa uku.
Gaskiyarsa.
Sai dai ba ya gari lokacin da muka kwana huɗu a kulle,
fitila a kashe, muna ƙirga takun mutane bayan katanga.
Wancan tsoron bai zo da kiɗa ba,
ba wanda ya tashi ya kakkaɓe riga bayan an gama.
Tun ranar na fi son dodon da nake hango zif a bayansa,
da mutuwar da ba ta riƙe mutum ya wuce Sallah ɗaya.

A bencin nan muka ga na farko ni da Dalyop,
bargo ɗaya, gyaɗa ƙulli ɗaya.
Kafin na uku ya fito sun kwashe kaya zuwa Bukur,
lambarsa ta bi tsohuwar wayata.

Tela ya ɗaga almakashi, kiɗa ya ɗau zafi,
sai janareta ya yi tari biyu ya mutu.
Duhu. Tsaki. "Sale, a ba mu kuɗinmu!"
Sai hannu a wuyana, sanyi kamar ruwan rijiyar asuba,
da murya a kunne:
"Tsaya daidai, Tanimu, kada ka numfasa."

Ihuna ya fi na Ladidi, ba zan ɓoye ba.
Shayi ya zube mini a cinya.
Da wuta ta dawo, ga shi nan, ya yi furfura a gefe,
yana dariya har da riƙe ciki,
yana cewa in matsa,
wai an ce masa a na shida telan zai je Legas.