Uku a Tukunyar Sanyi

Wasiƙar asibiti ta iso, kamar kowace Nuwamba,
farin ambulan, hatimin Białystok a kusurwa.
Ban buɗe ba. Na san abin da ke ciki:
’yan tayi uku, kuɗin ajiyar shekara,
da layin da zan sa hannu ni kaɗai
inda dā mu biyu muke sawa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan
da ni da Zdzisław muka sayar da gonar dankalin babansa
muka sayi allurai.
Fatar cikina ta koma rariya.
Biyar suka kama, aka dasa biyu.
Ɗaya ta zauna, ita ce Jagoda,
mai wushirya, mai tsame kabeji daga miya.
Ɗayan, Allah ne ya san inda ya nufa.

A wancan lokaci, ta bayan labulen ikirari,
Fada Hieronim ya ce da ni:
ɗa kyauta ne, ba a ba da aikinsa
kamar kujera a wurin kafinta.
Abin da ake ƙullawa tsakanin miji da mata
kun kai shi gaban fitila, a hannun baƙo.
Na ce, Fada, shekara tara ina roƙon kyautar nan.
In Mai bayarwa ya aiko ta hannun likita,
sai in naɗe nawa hannun?
Bai amsa ba. Na ji yana jan carbi.
Da ta zo duniya, shi ya zuba mata ruwan baftisma,
ta damƙe masa yatsa, da ƙyar ya ƙwace.

Yanzu shi ɗin ne ke tare ni a ƙofar coci:
Mirosława, ukun nan fa rayuka ne,
uwa ba ta rufe ƙofa ’ya’yanta na waje.
Jiya zunubi, yau amana.
Kuma ban iya cewa ƙarya yake ba,
abin da ke cin raina ke nan.

Likita ta ɗiga mini biro a takarda,
ta ce ko wannan ya fi su girma.
Ba zuciya, ba jijiya, ba su san ana yi ba.
Amma na lura ta sassauta murya
da muka gifta ɗakin tukwanen,
kamar mai gudun tashin wani daga barci.

Tun da zuciyar Zdzisław ta tsaya bara
surukata ta saƙa huluna uku.
Ta ce jinin ɗanta ne aka kulle a ƙanƙara.
Shekarata arba’in da bakwai, ga hawan jini.
Gidan da za su sauka ya fara yoyo.

Sun ce in ba wasu, masu irin kukan da na yi.
To, na bayar.
Wata rana a tashar jirgin ƙasa
wani saurayi mai kunnuwan mijina
zai yi wa Jagoda murmushi,
ba mai gaya musu komai.

Daren jiya ta tsinci ambulan a kan tebur.
Ban taɓa ɓoye mata ba.
Ta ce, Mama, ƙannena ne ko sa’annina,
tunda rana ɗaya aka yi mu?
Na ce ban sani ba.
Ta ce, suna jin sanyi?
Na ce likita ta ce a’a.
Ta ce, ke fa, me kika ce?

Dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan rufin maƙwabta.
Na ƙara wutar ɗaki ba dalili.
Na nemo biro, na farko ya ƙi,
na biyu ya kama.

Shekara ɗaya kuma.
Na liƙe ambulan, na ajiye shi kusa da takalmina
don kada in manta da safe.