Idon Zakin Baba

Sha'aban ne ya zo da labarin,
ko takalmi bai tsaya cirewa ba:
"Na rantse na gan shi a Nasarawa,
gidan da ake rataye zane-zane.
An kafa shi a bango, an haska masa fitila,
ƙyauren bayan tsohuwar gingimari,
zakin nan mai jan geza,
ga sunan Baba a ƙasa, Tanimu Fagge."

Baba na tsoma burodi a shayi,
bai ɗago ba. Ya ce, "Wanne ciki?
Zakunan da na zana sun haura ɗari
daga Unguwa Uku zuwa 'Yankaba."
Amma shayin nan a gabansa ya huce.

Tun ranar muke shiri.
Na ce Asabar, ya ce akwai suna a Kurna.
Na ce Litinin, aka ce ranar ba sa buɗewa.
Muka tsaya a kan Laraba, bayan azahar,
in hadari bai haɗo ba,
in gwiwa ta yarda.

A bayan takardar magani na yi lissafi:
ɗan sahu zuwa da dawowa,
ruwan leda, kuɗin ƙofa na mutum biyu.
Ya ce, "Kuɗin me?
In biya kafin in ga hannuna?
Mai motar ma, Allah ya jiƙansa,
da naira bakwai ɗina ya tafi."

Sai tambayoyi, kamar mai shirin zuwa gidan surukai.
Ana tuɓe takalmi?
Wa ake fara gaisarwa?
Na ce, ba a ɗaga murya, Baba,
kuma ba a taɓawa.
Ya yi dariya har ta koma tari.
"Katakon da ya sha ruwan Kudu,
ya ɗauki albasa, ya ɗauki shanu,
'yan kamasho suka goge masa gumin baya,
yau shi ne ba a taɓawa?
Lallai in da rai, tsumma ma sai ya yi sarauta."

Yana ta rufe masa idon hagu,
likita ya ce sai bayan salla.
Ya ce, "Lantana, ki tsaya ta damana.
In na yi shiru kada ki ja ni.
Ki gaya mini shuɗin saman nan
ko ya koɗe ko yana nan.
Ni na haɗa shi a gwangwanin madara,
ban sake samun irinsa ba."

Daren Talata aka ɗauke wuta.
Na hura gawayi, na ɗauko dutsen guga,
na shimfiɗa farar shaddarsa a tabarma.
A aljihu na ji wani abu ya tokare:
ɗan burushi, gashinsa bai fi goma ba,
da murfin kwalba mai farin fenti,
an naɗe su a leda, an ƙulle da zare.

Yana kwance, ya ba ni baya, ya ce,
"In wanda nake zato ne,
da asuba suka ja motar, fentin bai bushe ba,
ban ɗiga masa farin ido ba.
Shekara talatin da huɗu yana bin hanya
bai ga inda ake kai shi ba."

Na so in ce akwai mai gadi,
akwai igiya da aka gitta,
akwai na'ura a kusurwa mai kallon kowa.
Sauro na kuka, garwashi na mutuwa.
Na goge rigar, na ninke,
na mayar da ƙullin inda na same shi.

A ƙasan lissafin na ƙara layi ɗaya:
goro, na mai gadi.