Shiru Mai Bugu Uku

Laraba da yamma a Rikoto, an ɗauke wuta.
Na jingina fitila a benci,
na zana do, re, mi da guntun alli.

Keziya ta taho daga kasuwa,
muryarta ta ƙare a cinikin daddawa.
Tauna citta, kar ki ce uffan tukuna.
Habila, saki kafaɗa, ba buhun dawa ka ɗauko ba.
Daga cibiya numfashi ke tashi,
maƙogwaro hanya ce kawai.

Waƙar bana gardama gare ta:
murya huɗu, kowacce da turbarta,
sai a shafi na uku su haɗu
kamar 'yan golmo a ƙarshen kunya.
Kafin nan akwai shiru mai bugu uku.
Nan muke faɗuwa, mako biyar ke nan.

Baba Timotawus ko bihim bai sani ba,
amma bai taɓa yin riga-malam-masallaci ba.
Na tambaye shi sirrin.
Ya ce, "Ba ƙirge nake ba.
Sauraro nake, in ji na kusa da ni ya ja iska."

Na goge allon da hannun riga.
Ku matso, kafaɗa ta taɓa kafaɗa.
Mu koma daga fari.