Bindigar Aro

A ƙasan adakar Gwaggo Marka, a Aboabo,
tsakanin turmin atamfa da ƙwayar kafur,
muka same shi tsaye:
gajeren wando mai kari,
jar dara da hoto ya mai da baƙa,
bindiga a dama, hagu a ɓoye a baya.
Gara ta cinye masa ƙafa guda,
ta bar mana idanun.

Tun muna yara labarin ɗaya ne:
Cindo ya je Bama,
ya kayar da bakwai kafin ya karya kumallo,
harsashi kan zama ruwa a jikinsa.
Shi dai bai faɗa ba, bai kuma musa ba.
Goronsa yake ɓarawa,
yana shafa tsakar ka
inda gashi ya yi ƙaura tun kafin a haifi uwata.

A bayan hoton fensir ya kusa mutuwa.
Lambobi biyar.
Ta ukun ko bakwai ce, ko ɗaya ce ta rusuna.

Na bi tirotiro zuwa Adum,
tsohon gidan soja mai jan bango
inda igwa ke shan rana ba mai tsoronta.
Wani saje mai ritaya, Baba Amankwa,
ya ɗora gilashi a kan hular kakana.
Ya ce, wannan bishiyar da ke goshinsa
kowa ya sa ta, daga Saliyo har Barno,
ba ta nuna gida. Zauna.

Asabar uku ina juya takardu masu warin jemage.
Bature bai tambayi sunan uban kowa ba,
gari yake liƙa wa mutum, ko yare:
Isaka Moshi, Tahiru Zabarma,
Bawa Kano na ɗaya, Bawa Kano na biyu,
Bawa Kano na tara.
Cindo babu.
Na gwada bakwai, ta kai ni ga wani mai busa ƙaho da ya mutu a jirgin ruwa.
Na gwada ɗaya.

Garba Salaga.
Ban san shi ba, na kusa wucewa,
sai gefen layi ya riƙe mini riga:
alama, yatsa shida a hannun hagu.
Aiki, ɗan dako.

Baba Amankwa ya cire gilashinsa.
Ya ce, rundunarsu ta masu kai ce.
Inda mota ta tsaya, inda alfadari ya ƙi,
nan ake kiransu.
Akwatin harsashi, buhun shinkafa, rediyo,
wani lokaci mutum mai numfashi sama-sama,
dutse bayan dutse, cikin ruwan da ba ya ɗaukewa.
Adda aka ba su.
Bindigar fa? na ce.
Ya yi dariya har da tari:
mai hoto ma yana neman abinci, ɗana.

Na sake duba ta.
Riƙon taɓarya ya yi mata.

Ban shiga mota ba. Na ratsa Kejetiya da ƙafa,
'yan mata na wuce ni da kwanoni a ka,
doya, tayal, katifa, firji,
wuya a miƙe kamar an dasa.
Yau ne na fara ganin gammo.

Bayan isha'i Gwaggo ta ce, to, nawa ya kashe?
Na ce ban sami wannan lissafin ba.
Na faɗa mata wanda na samu.

Ta daɗe tana kallon fitila.
Sannan ta ce, mu shida ya haifa, duk mata,
ba wadda ta taɓa kai tulu gida daga famfo.
Ko a ina ya hango mu sai ya taso,
ya sauke mana, ya ɗauka a hannu,
maƙwabta na dariya.
Mun zaci kunya ce ba ya ji.

Ta karɓi hoton, ta goge shi da bakin mayafi,
ba wajen bindigar ba,
wajen hular.