Mai Tace Iska

A Nima, kan rufin gidan Baba Ɗantani,
ina tsugune, kwano na gasa mini tafin ƙafa.
A ƙasa ana suyar ƙosai, hayaƙi na hawowa.
Jirgi ya ratsa ta kanmu zai sauka,
har na hangi ƙusoshin cikinsa.

Farin akwatin da na kafa makon jiya
aikinsa ɗaya ne: ya ji, ya maimaita.
Ya ɗebo sigina daga dogon ƙarfen Kanda
ya zuba wa ɗakunan lungu,
inda bango ya rungumi bango
har waya ba ta samun numfashi.

Sai dai ɗan kanzagi ne, ba ya zaɓe.
Duk abin da ya faɗa kunnensa sai ya faɗa:
gidan rediyon da ke wa'azi tun asuba,
injin waldar Nii Kwate a bakin kwata,
inbatar maƙwabta mai gurnani in an ɗauke wuta.
Ya kwashe su duka, ya ƙara musu murya.

Baba ya ce, "Yaro, sidi ɗari tara na ba ka.
Ramatu na kira daga Hambog,
rabin kalma nake ji, rabi ya faɗa teku."

Na tuna uwata, Memuna mai koko,
a Mamobi, kafin kiran assalatu,
ƙullun gero cike da baho.
Rariyar farko mai manyan idanu ce, ta tare dusa.
Ta biyu farin ƙyalle, tana murɗa shi
har jijiyar hannunta ta miƙe.
Ba duk abin da aka niƙa ake sha ba, in ji ta.

To, ga tawa rariyar: gwangwanin tagulla
mai kusoshi uku a ka.
Ina juya su kaɗan-kaɗan, ido kan allo,
har ƙofar ta tsuke daidai faɗin zango ɗaya.
Ɗan Zango na zaɓar zango!
Na sama ya tsaya a waje, na ƙasa ya tsaya a waje.

Mai wa'azi bai tafi ba.
Inuwarsa ta maƙale dab da bakin ƙofa.
Shi na yi wa tsaga guda, siririya,
kamar cire tsakuwa daga wake
ba tare da an zubar da waken ba.

Saura mugun ciwon, wanda ba na baƙo ba:
akwatin na jin muryar kansa.
Bakinsa na kallon kunnensa,
ya faɗa, ya ji, ya sake faɗa,
kamar yaro mai kuwwa a rijiya.
Na ɗauke eriya ɗaya na kai bayan soro,
na sa bango a tsakaninsu,
na rage masa ƙarfi.
Mai ihu ba ya jin kowa.

Igiyar ma iskar teku ta cinye mata riga.
Na sauya, na naɗe gaɓar da baƙin tef saboda damina.

Ban ɓoye wa Baba ba:
kowace rariya na cin rabonta.
Ƙyallen uwata ma kan riƙe ɗan gasara.
Sigina ta ragu kaɗan, amma tsabarta ce.

Bayan magariba waya ta yi ƙara.
Ina naɗe igiya a zaure, ina ji.
Sallamarta ta iso cikakkiya, ba gutsure.
Gaisuwa, sanyi, aiki, kuɗin haya.
Sai Baba ya ce, "Yaushe za ki zo gida?"

Shiru.

Ya ɗago wayar, ya dube ni.
Na duba: sanduna huɗu, cif.
Har numfashinta ana ji,
da wata mota can, tana wucewa cikin ruwan sama.

Na rataya jakata.
Wannan shirun ba daga rufi ya zo ba,
kuma ba ni da rariyarsa.